Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Zane, Kyamara da Manyan Dawa

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu uku da suka zo kan magana guda, wato zanen namun daji da ɗaukar hotunansu. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin amsarta ta ƙunshi rabin amsar sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai zanen dabbobi da fenti, kuma ina zaune a Unguwar Rogo, cikin garin Jos. Shekara huɗu ke nan ina zana zaki da damisa da kura, amma dukkansu daga hotunan intanet nake kwaikwayo. Kwanakin baya wani dattijo, tsohon maharbi, ya tsaya ya daɗe yana duban wani zanena, sannan ya ce, "Yaro, wannan zakin naka bai taɓa kwana da yunwa ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Yanzu na tara ɗan kuɗi, ina da hutun mako biyu, kuma ina so in yi tafiya in ga yadda magabata suka siffanta dabbobi, in kuma ɗauki hotunan dabbobi masu farauta da hannuna. Daga ina zan fara, kuma me zan riƙe?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka koma wurin dattijon nan ka yi masa godiya, domin abin da ya gaya maka a jimla guda ya fi darasin wata uku a aji. Mafi yawan hotunan zaki da ke yawo a intanet na zakunan gabashi da kudancin Afirka ne, ko kuma na waɗanda ake ciyarwa a keji, masu cikakkiyar geza da sumul ɗin jiki. Zakin yammacin Afirka, wanda dattijon ya sani, yawanci gezarsa ba ta da yawa, wani ma sai ka lura sosai kafin ka gane namiji ne, ga tabon faɗa a fuska, ga ƙudaje a gefen ido, ga ciki da ke shafewa idan farauta ta yi kwana biyu ba ta yi kyau ba. Wanda bai ga wannan da idonsa ba, zai zana abin da ya ji ne ko abin da wani ya zaɓar masa.

Wannan cuta tsohuwa ce a sana'armu. A shekarar 1515 wani shahararren mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya zana karkanda ba tare da ya taɓa ganinta ba, sai dai bayanin da aka aiko a wasiƙa da wani ɗan zane na gaggawa. Ya yi mata sulke kamar na mayaƙi, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda Allah bai halitta mata ba, kuma saboda gwanintarsa Turawa suka shafe fiye da shekara 200 suna kwafar wannan kuskure a littattafansu. Gwaninta ba ta hana mutum yin kuskure, sai ma ta sa kuskuren ya yi tsawon rai.

Shawarata ita ce kada ka fara da tashar mota. Ka fara da gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka ba shi kwana biyu cur, da fensir da littafin zane, wayarka kuwa a aljihu. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da sassaƙen gasasshen yumɓu a yankin Nok a 1928, kuma daga baya bincike ya nuna cewa ayyukan sun haura shekara 2000. Mutane sun fi sanin kawunan mutane na Nok, masu idanu kamar alwatika da huda a tsakiya, amma waɗancan magina sun kuma ƙera giwa da biri da maciji. Abin lura a aikinsu shi ne yadda suke kama siffar dabba da abubuwa kaɗan. Daga nan ka shiga ɓangaren tukwane, ka dubi yadda mata magina na ƙabilu daban-daban suke zana halittu a jikin tulu. Ka tuna da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da take tsagawa a jikin tukunya layuka ne ƙalilan, amma babu yaron da zai kasa gane su. Wannan shi ne darasin farko da mai kwaikwayon hoto ba ya samu: sanin abin da za a bari. Kyamara tana kwashe komai, kowane gashi da kowane ganye, mai zane kuwa aikinsa zaɓe ne.

Idan kana da sha'awar zanen kan duwatsu, ba ka yi nisa da su ba. A Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi, akwai zanen dabbobi a jikin dutse, a Birnin Kudu ta jihar Jigawa kuma akwai zanen shanu masu dogayen ƙaho marasa tozo, irin da yau ba ka ganinsu a garken Fulaninmu. Can arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, a wurin da ake kira Dabus, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse, tsayinsa ya haura mita 5, tun zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Wannan na ƙarshe ka ajiye shi a jerin buri, ba na hutun mako biyu ba ne. Na ambace shi ne don ka san cewa sana'ar da ka ɗauka ta girmi rubutu a wannan yanki namu.

Mataki na biyu shi ne gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, da kuma gidan zu da ke maƙwabtaka da gidan tarihi. Ka fara tambayar ma'aikata waɗanne dabbobi ne suke nan a lokacin da kuma sa'ar da ake ba su abinci, saboda zaki dabba ne mai yawan kwanciya, yakan shafe kusan awa 20 a yini yana hutawa, kuma wanda ya je da tsakar rana ba abin da zai gani sai tulin gashi a inuwa. Amfanin dabbar keji ga mai zane shi ne ƙirar jiki. A nan za ka zauna awa uku kana kallon yadda kafaɗa take hawa da sauka idan zaki yana tafiya, ka gane cewa a kan yatsu yake takawa, kuma gaɓar nan ta ƙafar baya da masu koyo suke ɗauka gwiwa ce ta juya, diddige ce. Gwiwar tana can sama kusa da ciki. Za ka ga cewa baƙin tsakiyar idonsa zagaye ne, ba tsaga ba irin ta kyanwar gida, kuskuren da na sha gani a zanen da ake sayarwa a bakin titi. Za ka ga baƙin da ke bayan kunnuwa, da tuntun gashi a ƙarshen wutsiya, da jerin ɗigo-ɗigon da gashin baki ke fitowa daga cikinsu, waɗanda masu bincike suke bambance zaki da zaki da su, domin babu biyu da nasu ya zo ɗaya.

Amma ka riƙe wannan da kyau: jikin dabbar keji ba jikin dabbar dawa ba ne. Na taɓa shafe sati guda a wani gidan namun daji ina zana wani tsohon zaki, na dawo gida cike da murna, na zauna na ɗora shi a kan dutse cikin ciyawar kaka. Da na gama na ja da baya na duba, sai na ga ciki ya saki yana reto, cinya ba nama, gashin gwiwar hannu ya goge saboda kwanciya a kan siminti, ido kuma na mai jiran a kawo abinci. Na sa wa fursuna rigar sarki ne kawai. Tun daga ranar nake ɗaukar ƙashi da gaɓɓai daga keji, amma tsayuwa da kallo da yanayi sai daga daji.

Wannan ya kawo mu Yankari. Daga Jos zuwa Bauchi tafiyar kimanin kilomita 130 ce, daga Bauchi ka bi hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karkata zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiya ta fiye da kilomita 40 cikin daji kafin ka isa masaukin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin jihar Bauchi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye daga ko'ina, dabbobi suka koma bakin kogin Gaji. Za ka sha zafi, amma za ka gani. Da damina dajin ya fi kyau a ido, sai dai giwa ma tana iya tsayawa taku ashirin daga gare ka ba ka sani ba.

Dole in gaya maka gaskiya game da zaki, don kada ka dawo kana zagina. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a duk yammacin Afirka kusan 400 ne kacal, mafi yawansu a dazuzzukan da suka haɗa iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar, kaɗan a Senegal, a Najeriya kuwa sai Yankari da dajin tafkin Kainji, kuma a can ma 'yan ƙalilan ne. Damisa kuwa, ƙi-sabo, ko inda take da yawa ba ta yarda a gan ta, balle da rana. Saboda haka mai yiwuwa ne ƙwarai ka yi kwana biyar ba ka ga ko wutsiyar zaki ba. Wannan ba ya nufin ka yi asarar kuɗinka. Mai zanen dabbar farauta yana bukatar sanin abin da ake farauta da wurin da ake farautar. Ka ɗauki hoton ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo, ka lura da yadda suke ɗaga kai su tsayar da kunne kafin su sa baki a ruwa, domin tsoron da ke jikinsu shi ne hoton zakin da ba ka gani ba. Ka ɗauki launin ƙasa, da kututturen da ya ƙone, da inuwar giginya, da yadda hazo yake mayar da bishiyoyin nesa toka-toka. Ka roƙi jami'in da ke rakiyarku ya nuna maka sawu a gefen hanya da sassafe: sawun zaki da na damisa ba ya nuna farata domin suna janye su ciki idan suna tafiya, na kura kuwa farata a fili suke kamar na kare. Sannan akwai kada a kogin, akwai shaho da shirwa da mikiya a sama, su ma masu farauta ne, kuma sun fi haƙuri da mai kyamara.

Game da kayan aiki, idan za ka iya aro ko haya, ka nemi kyamara mai gilashin janyo nesa na milimita 300 ko 400, ka saita saurin ƙiftawarta a kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ga dabbar da ke tafiya, kashi 1 cikin 1000 ko fiye ga tsuntsun da ke tashi. Ka cika ɗan buhu da wake ko shinkafa ka ɗora a jikin mota ya zama matashin kyamara, ya fi sandar ƙafa uku amfani a cikin mota. Ka riƙe batir na biyu, da tsumma mai laushi saboda ƙura, da madubin hangen nesa idan ka samu. Kada ka sa baƙar riga ko shuɗiya, domin tsando yana bin waɗannan launuka. Ka nemi ruwan ƙasa ko kakin soja. Kada ka sauka daga mota sai jami'i ya ce ka sauka. A masauki kuma ka rufe ƙofa da taga, saboda gwaggon biran Wikki sun san jaka sun san leda, kuma ba sa bambance burodi da kwalin fenti sai sun yage.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda matasa suke ƙi: duk dabbar da ka samu, ka ba kyamara minti biyu, ka ba fensir sauran lokacin. Zanen daƙiƙa talatin, layin baya da karkatar wuya kawai, ko da ya fito kamar aikin ɗan firamare, yana dasa dabbar a ƙwaƙwalwarka ta hanyar da hoto dubu ba za su yi ba. Ba ina rage darajar kyamara ba ne. Sai da wani mai hoto Bature, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori ya ɗauki doki yana sukuwa a 1878 masu zane suka gane cewa sun shafe ƙarnuka suna miƙe ƙafafun doki huɗu gaba da baya a iska, alhali lokacin da duk ƙafafun suke barin ƙasa a naɗe suke ƙarƙashin ciki. Kyamara tana gyara ido a wurin da ido ya gaza. Amma ita ma tana da ƙaryarta: gilashin nesa yana matse jiki ya gajarta shi, inuwa tana komawa baƙi ƙirin alhali a zahiri akwai shuɗi da ja a cikinta. Ka rubuta launin da idonka ya gani a gefen takarda tun kana wurin.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kubwa, Abuja, kuma zane sana'ata ce ta gefe. Ba ni da halin zuwa daji, waya kawai gare ni, kuma duk hoton da na ɗauka a gidan zu sai waya ta keji ta ɓata shi. Sannan idan na zana dabbar keji na sa ta a daji, na yaudari mai saye ke nan?

AMSA: Hajiya, matsalar keji tana da ɗan magani. Ki zaɓi lokacin da dabbar take can ƙarshen keji nesa da raga, ki tsaya a inda rana ba ta haska ragar ba, ki yi amfani da gilashin janyowa na wayar idan tana da shi, sannan ki taɓa fuskar dabbar a allon don wayar ta mayar da hankali a kanta. Sau da yawa ragar takan dushe. Kada ki tsallake shingen da aka yi wa baƙi don neman kusanci, kada ki kunna fitilar waya, kada kuma ki bari yara su yi jifa ko ihu don dabbar ta tashi. Ki sani kuma cewa wayar da aka kusantar da ita tana kumbura kai ta ƙanƙantar da ƙugu, don haka hoton nesa kaɗan ya fi ba ki ma'auni na gaskiya. Bidiyon daƙiƙa goma na dabbar tana tafiya ya fi miki hoto ashirin, domin za ki iya tsayar da shi a kowane taku.

Tambayarki ta biyu ta fi nauyi, kuma na ji daɗin da kika yi ta. A wajen masu hoto hukuncin a bayyane yake. A Amurka akwai gonakin da ake kiwon damisa da kyarkeci da beyar musamman don a yi hayarsu ga masu hoto da masu zane, kuma an daɗe ana jayayya a kansu. Babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa ta ƙwace kyautar 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na kiwo ne ba na dawa ba. Zane kuwa kowa ya san haɗawa ake yi, ba wanda yake zaton zaki ya tsaya miki wata guda kina shafa fenti. Don haka ba laifi ki ɗauki jiki daga keji, ki ɗauki duwatsu da ciyawa daga bayan Bwari ko gefen Dutsen Zuma. Yaudara tana shigowa ne daga baki, wato a lokacin da mai saye ya tambaya aka ce masa a Yankari aka gani. Ni a bayan kowane zanena nakan rubuta inda na samo dabbar da inda na samo wurin, kuma ban taɓa rasa ciniki saboda haka ba. Hoton wani kuma da kika gani a Facebook ko Instagram mallakarsa ne. Idan za ki kwafe shi ki sayar, sai da izininsa.

TAMBAYA: Malam, 'yan wasan kura sukan zo kasuwarmu a Bukuru. Tunda ga kura har gida, me zai hana in biya su in ɗauki hoto in huta da tafiya?

AMSA: Ɗan'uwa, idan gardin kake son zanawa, da warkinsa da layunsa da sarƙar hannunsa da taron yaran da suka kewaye shi, to wannan zane ne mai zaman kansa, kuma wani yanki ne na tarihin garuruwanmu, ka yi sallama, ka nemi izininsa, ku daidaita kafin ka ɗaga kyamara. Amma idan kura kake nema, wadda ke cikin takunkumi ba za ta ba ka abin da kake so ba, domin bakin da shi ne rabin siffarta a ɗaure yake, wuyanta kuma sarƙa ce take juya shi. Ni kaina ba na biya, saboda kowace kura da ke kasuwa daga daji aka ɗauko ta, kuma kuɗin 'yan kallo ne yake sa a koma a ɗauko wata. Abin da za ka iya ƙaruwa da shi daga nesa, ba tare da ka sa hannu a aljihu ba, shi ne ƙirar jiki: ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, baya ya gangara, wuya ya yi kauri. Ka dubi kunne ka san wadda ke gabanka, domin mai dabbare-dabbare kunnenta zagaye ne, mai zane-zane a jiki kuwa kunnenta tsini gare shi, da doguwar geza a gadon baya wadda take tayarwa idan ta tsorata.

Masu tambaya kan haɗa fenti da shirya allon zane su yi haƙuri, wasiƙunsu sun iso, kuma za su fito a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.